Ƙanin lu'ulu'u a kwalin magani: abin da ya faru da maganin mura zai iya faruwa da na maleriya

A farkon shekarar 2025 gwamnatin Jihar Kano ta tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a Ƙaramar Hukumar Gwale. Bayanin da hukumomin lafiya suka yi a lokacin shi ne, wani matashi ne ya sayo agwagwa a kasuwar Janguza ya haɗa ta da kajinsa na gida, ba a jima ba suka fara zubewa. Labarin bai daɗe a bakin mutanen birni ba. Amma masu kiwon kaji a nan kudancin Kano, daga Ƙofa zuwa Kwanar Ɗangora har Tudun Wada, sun san abin da irin wannan labari yake nufi, domin da yawansu ba su manta da 2006 da 2015 ba.

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san abin da muke yi idan kaza ta fara gyangyaɗi ta saki fiffike. A aiki yaro kemis ya sayo kafso mai ja da rawaya, a fasa a ruwan sha, wani ya ƙara da barkono, wani da maɗaci. Babu ɗaya daga ciki da yake taɓa ƙwayar murar tsuntsaye. Kafson maganin bakteriya ne, ita kuwa mura bairos ce ke kawo ta, jinsinsu ma ba ɗaya ba ne.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, an taɓa yin maganin da yake aiki a kan wannan dangi na mura, mai araha, na haɗiya. Yau yana nan a duniya, amma mura ba ta jin sa. Labarin yadda ya mutu ya shafe mu, saboda sinadarin da aka gina shi a kai yana cikin wani maganin zazzaɓin cizon sauro da aka kawo Najeriya, kuma hanyar da ta kashe na farkon muna kan ta da ƙafafunmu.

Akurki mai ƙwayar zarra goma

Sunan sinadarin adamanten. An samo sunan daga kalmar Girkanci da ke nufin abin da ba ya lanƙwasuwa, wadda da ita suke kiran lu'ulu'u, wato daiman. Ba don ado aka sa masa sunan ba. Lu'ulu'u ba komai ba ne illa kabon, irin wanda ke cikin gawayi, sai dai ƙwayoyin zarrarsa sun sarƙe da juna ta kowane ɓangare. Idan aka ɓanɓaro mafi ƙanƙantar ɗaki daga wannan ginin, aka toshe bakunansa da haidirojin, abin da za a samu shi ne adamanten: zarrar kabon 10, ta haidirojin 16, sun haɗu sun yi siffar ɗan akurki rufaffe. A ido farin gari ne, yana ƙanshi irin na kafur, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 270.

A 1933 wasu masana biyu a ƙasar Cekoslobakiya, Landa da Machacek, suka fara tsamo shi daga ɗanyen man fetur na yankin Hodonin. Ɗan mitsitsi ne a cikin man. A 1941 Vladimir Prelog ya haɗa shi a ɗakin gwaji, amma abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. Sai a 1957 Paul Schleyer na Jami'ar Princeton a Amurka ya yi kiciɓis da hanya mai sauƙi, farashinsa ya faɗi warwas, kamfanonin magani suka yi ca a kansa.

Me suka gani? Abu uku. Akurkin yana son maiƙo, don haka idan aka liƙa shi a jikin magani yakan taimaka masa ya ratsa bangon ƙwayoyin halittar jiki, har ya kai ƙwaƙwalwa. Yana da tauri, hanta ba ta saurin farfasa shi, sai maganin ya daɗe yana aiki. Sannan dunƙulalle ne, yana iya zama toshi a bakin ƙaramar kafa, ko garkuwa ga wani sashe mai rauni na maganin. Masu haƙar mai ma suna amfani da danginsa wajen gane asalin ɗanyen mai da irin zafin da ya sha a ƙarƙashin ƙasa, masu ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta kuma suna sa shi cikin shafen da ake zana layukan lantarki da shi. Wannan wani zance ne daban.

Shekara arba'in, sannan shiru

Ɗan fari a gidan shi ne amantadin. Amurka ta amince da shi a 1966 a matsayin kariya daga mura. Aikinsa toshi ne. Ƙwayar mura jinsin A tana da wata 'yar kafa da ake kira M2, wadda sai ta buɗe kafin ƙwayar ta tuɓe rigarta ta fara hayayyafa a cikin jiki. Amantadin yana shiga kafar ya zauna daram.

Matsalar ita ce, canjin harafi ɗaya tak a tsarin halittar ƙwayar ya isa ya sauya fasalin kafar, toshin ya daina kamawa. Kuma ƙwayar da ta yi wannan canji ba ta rasa ƙarfinta na yaɗuwa. Likitoci sun san da haka tun da wuri, amma shekaru da dama abin bai zama ruwan dare ba.

Sai aka shiga sabon ƙarni. A watan Yunin 2005 jaridar Washington Post ta ba da rahoton cewa tun ƙarshen shekarun 1990 masu gonakin kaji a China suke zuba amantadin a ruwan shan kaji don kare su daga murar tsuntsaye. A can kuma ana sa shi cikin maganin mura na mutane da ake saya ba tare da takardar likita ba. Hukumomin China sun musanta cewa su ne suka ba da izini, daga baya suka haramta ba dabbobi shi. Masana har yau suna muhawara kan kason laifin da ya hau kan gonakin kaji da wanda ya hau kan yadda ita kanta ƙwayar ke sauyawa. Abin da babu jayayya a kansa shi ne sakamakon. A watan Janairun 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce likitoci su daina ba da amantadin da ƙaninsa rimantadin don mura, bayan ta gano fiye da kashi 90 cikin ɗari na samfuran da ta gwada ba sa jin su. Shekara biyu kafin nan adadin bai wuce kashi biyu ba. Murar da ta game duniya a 2009 kuwa da taurin kanta ta zo.

A duba kwanan watan. Janairun 2006 aka yi wa maganin sallama a Amurka. Ranar 8 ga Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, kuma cikin kwanaki ta bayyana a gonakin Kano. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Wato a daidai lokacin da cutar ta ƙwanƙwasa ƙofarmu, makami mafi araha da duniya take da shi ya riga ya dakushe a wurare da yawa, a hannun mutanen da ba mu taɓa gani ba. Wanda ya rage, Tamiflu, kuɗinsa ba na talaka ba ne.

Ban ga laifin manomin China fiye da na manomin Bebeji ba. Mutum ne da ya zuba jarinsa a kaji, ya ga suna mutuwa, ya san idan ya kai rahoto za a zo a kashe sauran. Tsarin Najeriya a kan murar tsuntsaye shi ne a kashe, a binne, a yi feshi, ba a yarda da rigakafinta ba. A 2006 diyyar da aka fara sanarwa Naira 250 ce kan kowace kaza, kuma masu gonaki sun sha kukan jinkirin biya a ɓarkewar da ta biyo baya. Matuƙar diyya ba ta zuwa da wuri, mai kaji zai ɓoye, ya yi ta ɗura musu abin da ya samu, waɗanda suka rage ya kai kasuwa da sassafe. Hankali ne na mai neman tsira da jarinsa, ko da kuwa yana cutar da kowa.

Shi amantadin bai bar duniya ba, sana'a ya sauya. A 1968 wata mata mai cutar makyarkyata, wadda likitoci ke kira Parkinson, ta sha shi don mura sai ta ga rawar jikinta ta ragu. Likitanta Robert Schwab ya bi diddigi, yau da wannan aka fi saninsa. Sauran 'yan gidan ma suna nan a manyan kantunan magani na Kano: memantin na masu cutar mantuwa ta tsufa, Galvus na masu ciwon suga, da man shafawa na ƙurajen fuska irin su Differin. Duk akwai ɗan akurkin nan a cikinsu. Amma waɗannan ba da ƙwayar cuta mai rai suke faɗa ba, don haka ba a koya musu taurin kai. Damuwar mai ciwon suga a Kiru ita ce kuɗin maganin tun bayan faɗuwar darajar Naira a 2023.

Inda zancen ya zo gida

Cutar da ta fi ci mana tuwo a ƙwarya ba mura ba ce. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce a 2023 an samu masu zazzaɓin cizon sauro miliyan 263 a duniya, mutum 597,000 suka rasu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu cutar 'yan Najeriya ne, haka ma kusan uku cikin kowane goma da suka rasu. A yankinmu ba sai an kawo alƙaluma ba. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta ba mu noman rani da kifi, ta kuma ba sauro wurin zama har bayan ɗaukewar damina. Daga Agusta zuwa Oktoba kuwa, a shiga kowane asibiti daga Bebeji zuwa Doguwa a ga yadda ake kwantar da yara bibbiyu a gado.

Maganin da muke dogaro da shi yau, wanda ake kira ACT, haɗi ne na abu biyu. Na farko ɗan gidan atemisinin ne, wanda ake tatsa daga wani nau'in tazargade, aikin da ya sa Tu Youyou ta China ta samu kyautar Nobel a 2015. Shi ne mai saurin duka, amma cikin sa'o'i yake fita daga jiki. Na biyun, kamar lumefantirin da ke cikin Coartem, a hankali yake aiki, ya daɗe yana share ragowar.

Dogaro da ganye yana da wahalarsa. Sai an shuka, an jira, an girbe, an tatsa. Farashin kilo ɗaya na atemisinin ya haura dala dubu a 2005, ya faɗo ƙasa da dala 200 a 2007, manoma suka gudu, ya sake tashi. Shi ya sa masana suka nemi yadda za su ƙera makamancinsa a masana'anta. Sirrin atemisinin wata 'yar gada ce ta zarrar iskar oksijin biyu, wadda take fashewa idan ta haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikin jinin da ƙwayar maleriya ta ci, ta hallaka ta daga ciki. Ƙera irin wannan gada ba wuya, hana ta fashewa tun kafin ta isa wurin aiki shi ne wuya. A nan ɗan akurkin ya yi rana. Ayarin Jonathan Vennerstrom na Jami'ar Nebraska, da tallafin ƙungiyar MMV ta Geneva, suka jingina adamanten a gefen gadar ya zame mata garkuwa. A 2004 suka bayyana sakamakon, maganin da aka sa wa suna aterolen.

Kamfanin Ranbaxy na Indiya ya haɗa shi da fiferakwin, ya fitar da shi da sunan Synriam ranar 25 ga Afrilun 2012. A ƙarshen 2014 kamfanin ya sanar da samun izinin sayar da shi a ƙasashen Afirka bakwai, har da Najeriya. Ƙwaya ɗaya a rana, kwana uku. A kwatanta da Coartem na asali, wanda babba zai sha ƙwaya 24 a zama shida.

Kada a ɗauka talla nake yi. Synriam ba ya cikin haɗe-haɗe shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da su, kuma ba shi ne gwamnati ke rabawa a asibitoci ba. Gwajin da aka yi wa yara a Kilifi ta ƙasar Kenya ya nuna yana aiki sosai, amma binciken ɗakin gwaji ya nuna ƙwayar maleriyar da ta fara jure wa atemisinin tana iya jure wa aterolen ma, tunda salon dukansu ɗaya ne. Ƙaninsa da aka fi sa wa rai, OZ439, wanda aka so ya zama sha-ɗaya-ka-warke, an gwada shi da abokan haɗi biyu daban-daban, bai kai matakin da ake nema ba, musamman a jikin ƙananan yaran Afirka. Taurin lu'ulu'u yana kare magani daga hanta. Ba ya kare shi daga ƙwayar cutar da aka ba dama ta yi karatu.

Kuma karatun ta fara. A 2020 aka wallafa shaidar cewa ƙwayar maleriya a Ruwanda ta samu canjin halittar da ke sa atemisinin jinkirin kashe ta. A 2021 aka ga haka a arewacin Uganda. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da shi a ƙasashe huɗu, har da Eritiriya da Tanzaniya, tana kuma zargin akwai shi a Habasha da Sudan da Namibiya da Zambiya. Abin tsoron shi ne ba daga Asiya aka shigo da shi ba, kamar yadda aka yi a zamanin kulorakwin. A nan Afirka ya tsiro da kansa. Sa'o'ina za su tuna kulorakwin da ƙaiƙayinsa da ɗacinsa. Taurin kan da ya kashe shi ya sauka gabashin Afirka a 1978, ya iso mana cikin shekarun 1980, amma sai a 2005 Najeriya ta sauya magani a hukumance. Yaran da suka tafi a tsakanin nan Allah kaɗai ya san adadinsu. Har yanzu ACT yana warkarwa a Najeriya, wannan gaskiya ne. Sai dai Sudan ba nisa gare ta da mu ba, hanyar ma ta alhazan ƙafa ce tun kakanni, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta kuwa an san abin yi.

Allura uku, an gama

Yadda ake koya wa ƙwayar cuta taurin kai ba boyayye ba ne: a ba ta maganin da zai ji mata ciwo amma bai kashe ta ba. Muna yin haka ta hanyoyi da dama, kuma mafi girma a ganina ita ce son allura.

A wajenmu wanda bai sha allura ba bai yi magani ba. Mutum ya ji jikinsa ya yi zafi, ya tafi kemis, ba gwaji, a yi masa allurar atemita ko dangoginta kwana uku, ya ji garau, shi ke nan. Na taɓa raka wani ɗan'uwana irin wannan wuri a wani ƙauye da ke kan hanyar Jos, na tambayi mai shagon ko zai haɗa masa da ƙwayoyi bayan allurar, ya dube ni kamar na zo ɓata masa ciniki. Alhali allurar rabin magani ce, ɗan gidan atemisinin ne shi kaɗai ba abokin haɗi. An tanade ta ne don zazzaɓi mai tsanani, ga wanda ba ya iya haɗiya, kuma ƙa'ida ita ce da zarar ya farfaɗo a bi shi da cikakken ACT na kwana uku. Tun 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a daina sayar da ƙwayoyin atemisinin su kaɗai saboda wannan dalili. An rufe ƙofar ƙwaya, mun shigo ta tagar allura.

Sai raba kati. Uwa ta sayi kati ɗaya, yaro ya sha kwana ɗaya zazzaɓi ya sauka, ta ajiye sauran don ƙaninsa. Ba wauta ba ce, lissafin aljihu ne. Akwai kuma abin da ba a cika gaya wa mutane ba: lumefantirin ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Wanda ya sha shi da ruwa a kan yunwa, kamar yadda mai zazzaɓi ya saba, ya sha ne rabi da rabi. Kofin madara, nono ko kunun gyaɗa ya wadatar. Zama na biyu kuma bayan awa takwas ne da na farko, ba washegari ba.

Na uku ba laifin mai sha ba ne. A 2025 hukumar NAFDAC ta daina rajistar garin atemita da lumefantirin na yara wanda ake zuba wa ruwa a kwalba a yi ta sha kwanaki, saboda ta gano ƙarfinsa yana raguwa bayan an haɗa shi. Shekara nawa iyaye suka yi suna ba yara shi da zuciya ɗaya? Ga jabu, ga wanda ya sha rana a kan tire a kasuwar ƙauye. A Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shagunan magani sama da 1,300 a Sabon Gari da kewaye, don tilasta wa 'yan kasuwar komawa cibiyar sari ta Dangwauro da ke kan titin Zariya. An yi ta ce-ce-ku-ce kan kuɗin shago, kuma 'yan kasuwar suna da hujjarsu. Amma ga mai kemis na Ƙofa ko Kiru, wanda a hanyarsa ta shiga birni cibiyar take, samun wuri ɗaya da hukuma ke iya duba abin da ake sayarwa ci gaba ne, in har dubawar ta ɗore ba ta ranar buɗewa kaɗai ba.

A nan ne nake ganin 'yan siyasar yankinmu suke kuskuren lissafi. Ginin asibiti da rabon magani kyauta a taron jama'a suna da kyau a hoto. Amma mafi yawan masu zazzaɓi a Doguwa ko Tudun Wada ba asibiti suke fara zuwa ba, kemis suke zuwa, shi ne a kusa, shi ne yake ba da bashi. Kuɗin da zai sa kowane mai kemis mai rajista ya samu horo da kayan gwajin jini na minti goma sha biyar a farashin da bai kai na allura ba, bai kai kuɗin katangar asibiti ɗaya ba. Ba kowane zafin jiki ne maleriya ba, kuma duk katin ACT da aka sha a banza asara ce biyu. Rabon maganin kariya na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, wanda ake bi gida-gida, ya nuna ana iya kai abu har ƙofar ɗaki idan an so. Sai dai shi da gidan sauro da kayan gwajin duk sun daɗe suna jingine da tallafin waje, wanda ya girgiza tun da Amurka ta dakatar da ayyukan hukumar USAID a farkon 2025. Gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 200 don cike giɓin ɓangaren lafiya baki ɗaya.

Rigakafin maleriya da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024 zai rage masu kamuwa, ba zai maye gurbin magani ba. Sabon maganin da ba na gidan atemisinin ba kuwa, kamfanin Novartis ya sanar a Nuwambar 2025 cewa nasa, GanLum, ya yi nasara a babban gwajin da aka yi a ƙasashen Afirka. Kafin ya samu izinin hukumomi, ya shiga tsarin ƙasa, a yi cinikin farashinsa, har ya sauka a kantar wani kemis a Riruwai, damina da yawa za ta wuce. Shi ma da lumefantirin aka haɗa shi, wato wannan abokin haɗin da muke sha yau a kan yunwa, muna ajiye rabin katinsa a ƙarƙashin filo.